Gidan Suruka Ya Iso Ƙofa

Tun da hukuma ta sa aka ɗora kowane gida a kan ganguna masu shawagi a ruwa saboda ambaliya, unguwarmu ba ta kwana inda ta yini. In aka yi ruwa da iska, sai mutum ya tashi da sabon maƙwabci.

Yau da safe Sabi'u ya fito da gajeren wando, bakinsa cike da ƙosai, sai ga surukarsa Hajiya Dudu zaune a ƙofarta, gidanta ya manne da nasa. Mutumin da ko ruwa bai taɓa sha a gabanta ba! Ya durƙusa ya gaishe ta, kumatu a kumbure.

"Haɗiye tukuna, Malam," in ji ta, tana kallon gefe.

Ya haɗiye da ƙyar. "Hajiya, yanzu zan kira masu kwalekwale su mayar da mu wurinmu, jikin kukar kasuwa."

"Wace kukar? Jiya ruwa ya rufe reshenta na ƙarshe. Ni na cafke igiyar gidanku kuna wucewa, na ɗaure a ƙafar gadona." Ta gyara zama. "Gara ka koyi cin abinci a gabana."