Kwalba Ta Goma Sha Huɗu

"Wa ya taɓa kwalba ta goma sha huɗu?" in ji Farfesa Kirova, tana riƙe da ƙofar firji.

A ɗakin bincikenmu na birnin Plovdiv, kindirmon gwaji da abincin ranarmu a firji ɗaya suke zama, kuma ni ke kula da shi. Shekara bakwai Farfesa tana renon ƙwayoyin kindirmon wannan kwalbar.

Bekzod, ɗalibin da ya iso daga Tashkent shekaranjiya, ya miƙe tsaye. Takardar zamansa ma sa hannunta take jira.

"Ni ne, Farfesa. Na ga cokali a kai, na zaci na sha ne."

"Duka ka shanye?"

"Har murfin na lashe."

"Cikinka fa?"

"Lafiya lau."

Ta zaro littafi ta rubuta. "Madalla. Shekara biyu ina roƙon matsoratan nan su ɗanɗana, sun ƙi."

Sannan ta juyo gare ni. "Radka, dabararki ta ci. Gobe ki ɗora cokalin a kan ta goma sha biyar."