Bokitin Tace Ruwa

Karo na uku ke nan Sharifa na dawowa unguwar Yakité daga asibiti, goye da ɗanta Zayyad, gudawa ta mayar da shi kamar tsumma. Likita ya ce ruwan famfo ne. Wane famfo? 'Yan kunnenta ta sayar a kasuwar Kilomita Biyar ta sayi bokitin tace ruwa, daga shi kaɗai yaron ke sha.

Ta buɗe murfin tana hawaye. Farin dutsen da ke tace ruwan babu shi, sai rami.

"Dada, ina dutsen nan?"

Surukarta ta ɗago daga wankin ƙafa. "Shi ke toshe ruwan, jikana na kukan ƙishirwa. Tun azumi na cire miki shi."

Ta ci gaba da goge kaushinta da shi.