Kwarin Kakansa

Kibiyar da manomin ya harba sama, iska ta karkato da ita, ta shige cinyar ɗansa. Saurayin ya faɗo daga kan doki, ƴan kallo suna ta tafi.

Malaman jami'o'i ne suka shirya wannan yaƙin wasa a bayan garin Dogon Kiriya, shekara biyu da samun mulkin kai. Akwai na Faransa mai ɗaukar silima, da na Ibadan mai rubuta tarihi, da na Dakar mai binciken magunguna. Mutanen gari sun kawo kibau na kara, malaman suka ce su na asali suke so. Manomin ne ya ɗauko kwarin kakansa daga rumbu, a ganinsa ai dafin shekara sittin ya daɗe da mutuwa.

Ya isa da gudu, ya danne ɗan da gwiwa, ya yanke naman wurin da wuƙa har kibiyar ta fito. Ya tsotsa ya tofar, ya tsotsa ya tofar. Saurayin ya yi ta shure-shure, kumfa na fita daga bakinsa, sannan ya daina.

Uban bai ɗago ba sai da tafintan malaman ya taɓa kafaɗarsa.

"Baba, ka yi haƙuri. Malamin magunguna na tambaya, wai dafin nan tsawon wane lokaci yake ɗauka kafin ya kashe mutum?"

Uban ya share jinin gemunsa. Ya zaro wata kibiya, ya ɗora a tsirkiya, ya auna malamin, ya ja.

"Ce mishi ya dubi agogonshi."