Raunin Ƙarya a Kasuwar Cadawa

Zakiyya na dama ƙaro da ruwan soɓorodo don haɗa jinin ƙarya lokacin da Shu'aibu, saurayinta, ya yi sallama. Sana'arta ke nan, ita ke yi wa 'yan fim raunin ƙarya. Ran kasuwar Cadawa ta zana wa wani ɗan wasa sara a goshi, ya fito kamar gaske, har mahaifin Shu'aibu ya ɗora shi a amalanke yana salati, zai kai shi likita. Kasuwa ta kwashe da dariya.

Shu'aibu ya tsaya bakin zaure, ya kasa haɗa ido da ita.

"Baba ya ce ba a kawo goro sai kin bar aikin nan."

"Kai me ka ce?"

"Zakiyya, dattijo ne fa. An yi mashi dariya gaban sa'o'inshi."

"Zan je in durƙusa in ba shi haƙuri, ya cancanta. Amma shekara bakwai na yi kafin hannuna ya iya wannan. Ba ni ajiye shi don goro."

Ta ci gaba da damawa. Ta san in ya juya, magana ta ƙare.

"Malam, ka tare mini haske. Ko ka shigo, ko ka tafi."

Ya daɗe yana kallon hanya. Can ya tuɓe takalmi, ya zauna gefen tabarma.

"Gobe mu tafi wajen Baba tare," ya ce. "Ni zan fara magana."