Sukari a Shayin Kafinta

Da ƙanensa ya durƙusa a bakin gado ya ce, "Yaya, ka yafe mini," kafinta ya bi shi da kallon tuhuma. Mutumin da ko sallamarsa ba ya amsawa tun rikicin katanga, yau shi ne har da riƙe ƙafa?

"Me kake nema?"

"Ba komai, Yaya. Duniyar ce ba tabbas."

"Tashi ka ba ni wuri."

Tun da suka dawo daga asibiti mutane suka canja masa. Maƙwabcin da ke zuba shara a ƙofar shagonsa ya share wurin da kansa. Surukinsa mai ɗaga hanci ya zo gaisuwa yana sunkuyar da kai. Lallai wani abu ake ƙullawa. Shagon suke hari, ko gidan?

Matarsa ta shigo da shayi.

"Ke, da likita ya ja ki gefe, me ya ce?"

"Gajiya ce, Malam. Ya ce ka huta."

Ya kurɓa, sai ya tsaya cak. Zaƙi har maƙogwaro. Matar da ta yi shekara da shekaru tana ɓoye masa sukari saboda ciwon sukarinsa, ko ƙwaya ya taɓa sai an yi faɗa! Ya ɗago, ta juya masa baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Ya ajiye kofin a hankali.

"Kira mini ƙanena kafin ya yi nisa. Katangar nan, ni na shiga filinsa."