Shingen Wacuka

Saura mako guda a yi addu'ar cika shekara da rasuwar mijinta, Wacuka ta wayi gari ta tarar raɓa ta daskare, ta yi fari fat a kan ciyawa. Kafin kwana uku shingen gidanta ya koma ja kamar an babbake shi.

Marigayi mijin nata Thuo, ƙanena, shi ya dasa shingen nan na itacen muthithinda da hannunsa. Mu a Kinangop mun san sanyi daga dutse yake gangarowa, yana bin ƙasa kamar ruwa. Shingen ne yake tare shi, ya kauda shi daga gonar dankali. Da dankalin nan Wacuka take ciyar da gida, da shi 'yarta Nyambura take makarantar sakandare.

Yayanmu Ndirangu ya zo duba shirye-shirye, ya tsaya a bakin ƙofa yana taɓe baki. Ya ce fasto zai zo, surukai za su zo daga Nyeri, a yi bikin buɗe gicciyen kabarin Thuo da ke gidan a cikin wannan ƙazanta? Za a ce danginmu sun bar gidan mamaci ya mutu tare da shi.

Wacuka ta kama reshe ɗaya, ta kankare ɓawon da farce, ta nuna masa. Cikinsa kore shar.

"Yaya, bai mutu ba, ƙonewa ya yi daga waje. A bar shi har ruwa ya sauka."

"To, Maman Nyambura, yaushe kika zama likitar itace? Baƙi za su zo kankare ɓawo ne, ko kallo za su yi?"

Ta ce masa baƙi wuni ɗaya za su yi, ita kuwa a nan za ta kwana. Ya yi dariya ya tafi.

Washegari ta kai madara bakin titi. Tana dawowa ta ji saran adda. Ndirangu ne da maza biyu, sun fara daga ɓangaren dutse, sun kwantar da shingen har gindi. Saura ɓangaren da ke bayan kabarin. Wacuka ta ajiye tulun madara, ta je ta jingina bayanta da shingen.

"Wanda zai sare wannan, ya fara da ni."

Ndirangu ya ce ta daina abin kunya, maƙwabta na kallo. Ta ce su kalla, ai don kallonsu ake saran. Mazan biyu suka dubi juna, suka saɓa addunansu suka fita.

An yi addu'a lafiya. Baƙi sun ci mukimo, tuwonmu na dankali da masara, sun sha shayi, wasu har sun yaba yadda gida ya yi fili. Kafin yamma kowa ya hau mota.

Ba a rufa mako biyu ba sanyin ya dawo. Wannan karon babu abin da ya tare shi. Dankalin yana tsakiyar fure, ya kwanta baƙi ƙirin, gona tana wari kamar dafaffen ganye. Wacuka ta tona gindi bayan gindi, abin da ta samu bai fi ƙwan tantabara ba.

Da ruwan Afrilu ya sauka, ɓangaren da ta tsare ya fito da sabon ganye. Kututturan kuwa har yau ba su tsiro ba, don itacen nan in aka sare shi har gindi, ya tafi ke nan.

Nyambura ba ta koma makaranta ba. Tana Naivasha tana yankan fure a gonar wasu, hannayenta duk sun tsage.

Ndirangu ya aiko a tumɓuke kututturan, wai suna ɓata masa rai in ya wuce. Wacuka ta ce wa ɗan aiken ya koma ya gaya masa, nan za su zauna, ya riƙa ganinsu duk Lahadi a hanyar coci. Ni ma na ce a ƙara masa da cewa ina bayanta.

Jama'a, ku daina sare abin da ke kare gida don tsoron bakin mutane. In sanyi ya ƙona shinge, a kankare ɓawo a duba, a jira ruwa. Masu kallo za su koma gidajensu, mai gidan ce za ta kwana da asarar.