Ƙanwar Farfesa Girdhar

Takardar shafi uku ce, da rubutun hannu, kuma Dakta Urmila Semwal ta karanta ta sau huɗu kafin shayinta ya huce. Shekara shida ke nan tana shugabantar kwamitin da ke sauraron koken ɗalibai mata a jami'ar. Ta ga iri-iri, amma yau ne karon farko da ta tashi ta ja labule don kada wani ya ga fuskarta.

Mai ƙarar Tanuja Bisht ce, ɗalibar digiri na uku a sashen ilimin tsirrai. Ta rubuta yadda malamin da ke duba aikinta yake sa sakata da zarar ta shiga ofishinsa, da yadda yake jawo kujera har gwiwa ta taɓa gwiwa. Ranar Talata ya damƙe mata hannu ya ce babi na huɗu ba zai wuce ba sai ta koyi ladabi. Sunan malamin yana can ƙasa: Farfesa Girdhar Nautiyal.

Kaf jami'ar, daga maigadi har shugaba, babu wanda bai san Dakta Urmila ƙanwar Farfesa ce ba. Duk damina idan bikin rakhi ya zagayo, a ɗakin malamai take ɗaura masa jan zaren nan da mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta a wuyan hannu, shi kuma ya sa mata alewa a baki, a yi ta tafi. Har yabonta ake yi da gudun son kai, domin duk ɗalibar da ta nemi shawararta wurin wani malami take tura ta, ban da yayan nata. Tanuja ce kaɗai ta kuɓuce mata. A shekarar babu mai gurbi sai shi. A lokacin sai da Urmila ta juya takardar tura ta wurinsa, ta sake juyawa, sannan ta sa hannu.

Kafin azahar magatakardan jami'a, Negi, ya shigo yana kakkaɓe lema. Mutum ne da ya tsufa a kan kashe wuta tun hayaƙi bai fita waje ba.

"Haba ranki ya daɗe, me ya yi zafi?" in ji shi. "Saura wa bawan Allah shekara biyu ya yi ritaya. Jibi bikin rakhi ne. A kira yarinyar ta ɗaura masa zare a gabanmu, ya dafa kanta, magana ta mutu. Wa ke yi wa ƙanwarsa kallon banza? Ita ta samu digirinta, ke kin yi sabuwar ƙanwa, gidanku kuma asiri ya rufu."

 Kunya ta rufe Urmila, irin wadda mutum ke rasa inda zai ajiye hannuwansa.

A baranda ta ci karo da Farfesan da kansa, furfura tas, tafiya a natse. Ya miƙo mata wuyan hannunsa yana dariya. "Ƙanwata, bana a samo zare mai kyau. Na bara tun kwana uku ya zuba mini ja a riga."

"To, Yaya," ta ce, ta manne da bango har ya wuce.

Da la'asar Tanuja ta zo. Ta ƙi zama. Ta ce fushi ne ya sa ta jefa takardar a akwatin koke, a yi haƙuri a ba ta abarta. Ba ta da shaida, kuma ta san jini ba wasa ba ne. Idan babanta ya ji, gobe zai sa ta a motar komawa ƙauye, shekara huɗu na aiki su bi ruwa. Sai ta buɗe jaka ta fito da ɗan ƙunshi. Shawarar Negi ta riga ta iso mata, har ta biya kasuwa ta sayo zaren, ja mai ɗan dutse a tsakiya.

Urmila ba ta kalli zaren ba. Ta ɗauki takardar ta sa a aljihun tebur, ta murza makulli.

"Gobe ƙarfe goma," ta ce. "Ki zo ko da ƙafafunki sun ƙi."

Washegari kwamiti ya hallara, mutum biyar har da wata lauya da ake gayyatowa daga cikin gari. Urmila ta miƙe ta ce ba za ta iya shugabantar wannan zama ba, ta miƙa wa lauyar ragama. Negi ya gyaɗa kai, haka ya dace. Farfesa ya gyara zama, ya yi mata murmushin godiya. Tanuja ta sunkuyar da kai, ta fara lalubar jakarta.

Amma Urmila ba ta nufi ƙofa ba. Ta zagaya teburin, ta zauna a kujerar shaidu, kusa da yarinyar. Lauyar ta ɗauki alƙalami tana karantawa yayin da take cike takardar shaida: suna, sashe, dangantaka da wanda ake ƙara, ƙanwa.

"Ki goge wannan," in ji Urmila, idonta a ƙasa. "Ni kaɗai iyayena suka haifa. Shekara ashirin da bakwai da suka wuce na kawo irin wannan takarda a kansa, tawa shafi biyu ce, sai shugaban sashe ya aika aka sayo zare."